Yaya Kirista Zai Tsaya da Aminci In Zuciyarsa Ta Yi Sanyi?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan da aka yi mini baftisma. Da farko ba na gajiya da addu'a, Littafi Mai Tsarki kuwa ba ya rabuwa da hannuna. Yanzu abin ya canza. Nakan ɗaura niyyar karatu da addu'a kowace safiya, in yi mako biyu ko uku, sai in watsar. In na durƙusa ma ba na jin komai, kamar da bango nake magana. Akwai kuma wani zunubi da na sha tuba a kansa ina komawa. Har na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, don ina ganin kaina munafuki. Yaya zan zama mai aminci ga Allah, in riƙa girma kowace rana?

Amsa: Ɗana, alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da kai. Abubuwa uku ka haɗa wuri ɗaya: tsarin ibada da ke rushewa bayan mako biyu, zuciya da ba ta jin komai, da zunubin da ke dawowa. Kowannensu da maganinsa, in ka cakuɗa su sai ka sha maganin wani a kan ciwon wani. Amma kafin mu rarrabe su, akwai ma'aunin da kake auna kanka da shi, kuma shi ya fi komai wahalar da kai. Kana auna amincinka da zafin da kake ji a ƙirji lokacin addu'a. Ba inda Littafi Mai Tsarki ya ba mu wannan ma'auni.

Dubi Daniyel. An kwashe shi daga Urushalima zuwa Babila yana saurayi, wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu. Labarin ramin zakoki kuwa bayan faɗuwar Babila ne a shekara ta 539, wato lokacin dattijo ne da ya kai wajen shekara 80. Sarki ya sa hannu a doka cewa har kwana 30 kada kowa ya roƙi wani allah ko wani mutum sai sarki. Daniyel 6:10 ta ce da ya ji, sai ya shiga gidansa, ya hau ɗakin bene mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a da godiya, yadda ya saba yi tun dā. Masu wa'azi sukan yi gaggawa su kai mu wurin zakokin, su tsallake wannan 'yar magana ta ƙarshe. Ba ranar ya fara ba. Bai ƙara yawan addu'a don nuna jarumta ba, bai kuma rage don tsoro ba. Abin da ya saba yi a ranakun da ba wanda ke kallo, shi ya riƙe shi ranar da aka zo kama shi. Kuma nassin bai ce uffan ba a kan abin da yakan ji a zuciyarsa in ya durƙusa.

Ubangiji kansa haka ya yi. Luka 4:16 ta ce ya shiga majami'a ran Asabar bisa ga al'adarsa. Luka 22:39 ta ce ya fita zuwa Dutsen Zaitun bisa ga al'adarsa. Har Yahuza, almajirin da ya bashe shi, bai sha wahalar neman inda zai kai sojoji ba, domin Yahaya 18:2 ta ce Yesu ya saba taruwa da almajiransa a wurin. In Ɗan Allah yana da wuri da lokacin da aka san shi da su, ni da kai ba mu fi ƙarfin hakan ba.

Zafin da ka ji a shekarar farko ba ƙarya ba ne, kyauta ce, ka gode wa Allah dominta. Sai dai ba a yi maka alkawarin za ta dawwama a haka ba. A Markus 4:26-29 Yesu ya ba da misalin mutumin da ya watsa iri a ƙasa, yana kwana yana tashi, irin kuwa na tsiro yana girma, shi bai ma san ta yaya ba. Tsiro tukuna, sai kai, sai ƙwaya cikakkiya. Mai gonar yana da nasa aikin, amma girman ba a hannunsa yake ba, ba ya kuma ganinsa yana faruwa. Don haka tambayar "yau na girma kuwa?" ba ta da amsa, kuma wanda ke yi wa kansa ita kowane dare zai gaji a banza.

To, bari mu ɗauki na farko, wato tsarin da ke rushewa. A abin da na gani wajen ba mutane shawara, dalilin kusan ɗaya ne kullum: mutum yakan tsara ibadarsa ranar da zuciyarsa ke tafasa, sai ya ɗora wa kansa kayan da ba zai iya ɗauka ba ranar da ya gaji. Tashi ƙarfe huɗu, addu'ar awa guda, sura biyar, ga azumi. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da sura 1,189, wanda ke son gama shi a shekara ɗaya sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kullum. Farawa da Fitowa sukan tafi lafiya saboda labarai ne. Da an shiga Littafin Firistoci da dokokin hadayu da na kuturta, sai ƙafa ta fara nauyi. Mutum ya tsallake kwana uku, ya duba ya ga ana binsa bashin sura goma sha biyu, sai Littafin ya zama masa kamar mai bin bashi, ya fara kauce masa. Manhajojin waya masu ƙirga kwanakin da ka jera ba fashi sun ƙara dagula wannan. Ran da ƙirgen ya koma sifili, mutum ya ji kamar Allah ma ya goge duk abin da ya gabata.

Ka tsara ibadarka daidai da ranarka mafi wuya. Minti goma sha biyar, a lokaci guda, a wuri guda, waya kuwa a wani ɗaki ko a kashe. Sabon Alkawari sura 260 ne. In ka karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 52 ka gama shi cif, kuma kana da kwana biyu kowane mako na cike giɓi. Fara da Markus, sura 16 ce kawai, labarin kuma yana gudu. Ka haɗa da zabura ɗaya. In ka tsallake kwana, kada ka ninka karatu don ramawa. Ci gaba daga inda ka tsaya. Ranar da ka samu sarari da marmari ka ƙara, ba mai hana ka, amma kada ka mayar da ƙarin ya zama doka. Ba dole sai da asuba ba. Mai aikin dare ko uwa mai goyo su nemi lokacin da hankalinsu ke jikinsu. Abin da na sani shi ne duk ibadar da aka bar wa "in na samu lokaci" ba ta samun lokacin.

Dalilin yin ta kowace rana yana cikin Fitowa 16. Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna, abinci daga sama, shekara 40, amma bai taɓa ba su na wata guda a dunƙule ba. Kowace safiya mutum ya fita ya tara na yininsa, sai a rana ta shida ta mako ne kawai ake tara ninki biyu saboda Asabar. Waɗanda suka ƙi ji suka ajiye don gobe, da gari ya waye suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Ina faɗin wannan ne saboda masu dogara da taron falkaswa. Taro abu ne mai kyau, ni ma ina wa'azi a irinsa, amma abin da ka samu a kwana uku ba zai ciyar da kai wata uku ba. Ikkilisiyar farko ta gane haka. Wani tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda masana ke cewa an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Gajeriyar addu'a ce, ba ta kai minti ɗaya ba, amma tana juyo da fuskar mutum wajen Allah safe da rana da yamma.

Sai yadda za ka yi da minti goma sha biyar ɗin, domin da yawa suna karatu ne kamar masu sauke nauyi, su rufe Littafin ba su tuna ko kalma ɗaya ba. A shekarar 1535 Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya rubuta wa mai yi masa aski wata 'yar wasiƙa a kan yadda ake addu'a. A ciki ya faɗa ƙarara cewa shi ma akwai lokacin da yakan ji ya yi sanyi, ba ya marmarin addu'a, sai ya ɗauki ƙaramin littafinsa na Zabura ya shige ɗaki, ya fara maimaita Dokoki Goma da maganganun Yesu kamar yadda yara ke yi. Ya ce yakan ɗauki nassi ya murɗa shi igiya huɗu: koyarwa, godiya, furta zunubi, da roƙo. Bari in gwada maka da Markus 4:35-41, ayoyi bakwai kacal.

Magariba ta yi, Yesu ya ce wa almajiransa su haye ƙetaren teku. Hadari ya taso, raƙuman ruwa na zuba cikin jirgi har ya kusa cika, shi kuwa yana can baya ya tada kai da matashi yana barci. Suka tashe shi suna cewa Malam, ba ka damu ba za mu hallaka? Ya tsawata wa iska, wuri ya yi tsit, ya tambaye su ina bangaskiyarsu, su kuwa tsoro ya ƙara kama su. Igiya ta farko, me wannan ke koya mini? Na ga cewa shi ne ya ce a haye, wato biyayya ce ta shigar da su hadarin, ba saɓo ba. Ta biyu, godiya: Ubangiji, na gode da ba ka bar jirgin ba ko da aka yi maka magana da zargi. Ta uku, furtawa: ni ma jiya na ce a raina ba ka damu da ni ba, saboda maganar aikin nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ta huɗu, roƙo: ka ba ni natsuwa yau in na shiga wurin mutumin da nake tsoro. Ka ga ba ka nemi kalmomin addu'a daga aljihunka ba, nassin ne ya sa maka su a baki. Kafin ka tashi, ka fitar da abu ɗaya tak da za ka yi yau saboda abin da ka karanta, domin Yakubu 1:22 ta ce mai ji kawai ba ya aikatawa yaudarar kansa yake yi.

Wani abu kuma a gefe: kada ka rayu a kan ayar da ake turo maka a waya kowace safiya. Rabe-raben surori da muke amfani da su sai a ƙarni na 13 aka yi su, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a shekarar 1551. Bulus wasiƙu ya rubuta, don a karanta su daga farko zuwa ƙarshe. Ɗauki Filibiyawa 4:13, inda ya ce yana iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa shi. An mayar da ita ayar cin jarrabawa da cin ƙwallo. Karanta ayoyi biyun da ke gabanta ka ga mutum ne a ɗaure yake cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Wasiƙar duka sura huɗu ce, a zama ɗaya za ka gama ta. Ka riƙa yin haka lokaci lokaci.

Yanzu na biyu, zuciyar da ba ta jin komai. Nan sai an yi bincike, domin ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane tsami ne daga zunubi ba. Wani lokaci jiki ne. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gama babbar nasara a Dutsen Karmel, ba da daɗewa ba yana gudun sarauniya Yezebel mai neman kashe shi, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Allah bai fara da tsawa ko wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Magana sai daga baya, a Dutsen Horeb. Mutumin da ke barcin awa huɗu yana kallon waya har tsakar dare, ba aljani ne ya toshe masa addu'a ba. In kuma ka lura ba addu'a kaɗai ba ce ta fita maka a rai, har abinci da aiki da mutane, barci ya ƙi, abin ya ɗauki makonni, to ka ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, kuma neman maganinsa ba ƙarancin bangaskiya ba ne. In har tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, kada ka kwana ba ka gaya wa wani ba.

Wani lokaci kuma akwai abin da ke ɓoye. Dawuda ya ce a Zabura 32 lokacin da ya yi shiru bai furta laifinsa ba, ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe. Riƙo ma haka yake yi. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Da wuya ka buɗe zuciyarka ga Allah da safe alhali ka kulle ta ga matarka ko abokin aikinka tun jiya.

Amma akwai na uku, wanda ba a cika wa'azinsa ba: ka binciki jiki lafiya lau, ka binciki lamiri ba ka ga wani sabon abu ba, sama kuwa shiru. Wannan ma tsohuwar hanya ce da tsarkaka suka bi. Cikin zabura 150, wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Zabura 88 ba ta ma juyo ga yabo a ƙarshe kamar sauran ba, da duhu ta rufe, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta ba. Uwa Teresa, sistar Katolika mai hidimar matalauta a Kalkata ta Indiya, ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta ga ta yi kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah, alhali kullum tana tashi addu'a tana fita wurin marasa lafiya. A ganina wannan ne wurin da aminci ke fara samun ma'ana, domin muddin addu'a na da daɗi ba ka san ko Allah kake nema ko daɗin ba. In ka tarar da kanka a nan, kada ka ƙirƙiro hawaye, kada kuma ka bi masu cewa sai ka kawo wani kuɗi ko ka sayi wani mai kafin sama ta buɗe. Ɗauki Zabura 13 ko 42 ko 88 ka karanta wa Allah da murya. Ka gaya masa gaskiya cewa ba ka jin komai. Wannan ma addu'a ce.

Na uku shi ne zunubin da ke dawowa, kuma a nan zan nuna maka mutum biyu da sunayensu ke jere a aya guda. A Filimon 24 Bulus ya aika gaisuwar abokan aikinsa: Markus, Aristarkus, Dimas da Luka. Markus ɗin nan yana da tabo. A tafiyar bishara ta farko ya bar su Bulus a ƙasar Bamfiliya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi, gardama ta yi zafi har manyan bayin Allah biyu suka rabu (Ayyukan Manzanni 15:37-40). Dimas kuwa ba a ji wani laifinsa ba. In a ranar aka ce ka zaɓi mai aminci cikinsu, Dimas za ka nuna. Sai ka buɗe 2 Timoti 4:10-11, Bulus na kurkuku yana jiran mutuwa. Ya ce Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan, ya tafi Tasalonika. A aya ta gaba ya ce wa Timoti ya zo da Markus, gama yana da amfani a gare shi wajen hidima. Dukansu biyu sun taɓa juya baya. Ɗaya ya dawo. Haka Bitrus da Yahuza: dukansu sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya, dukansu sun yi baƙin ciki. Yahuza ya kai nasa baƙin cikin wurin manyan firistoci, suka ce ina ruwansu. Bitrus kuwa, bayan tashin Yesu daga matattu, da ya ji Ubangiji ne a bakin teku, tsalle ya yi ya faɗa ruwa don ya isa gare shi.

Don haka in kana son abin da za ka auna, auna tsawon lokacin da kake ɗauka tsakanin faɗuwa da dawowa. Da yawa in sun faɗi sukan hukunta kansu da nisanta: mako guda ba addu'a, Lahadi biyu ba sujada, wai sai sun ɗan tsarkaka kafin su fuskanci Allah. Wannan yana kama da tawali'u, amma girman kai ne, domin mutum na so ya biya wani abu daga aljihunsa. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Lura da wanda aka kira mai aminci a ayar. Ka dawo a ranar, a sa'ar ma, ka kira zunubin da sunansa ba kwana-kwana.

Kada kuma ka ji wannan ka ce an ba ka lasisi. Bulus ya riga ya toshe wannan ƙofa a Romawa 6:1-2. Tuban da ba ya canza komai a tsarin rayuwarka, nadama ce kawai. Zauna da takarda ka duba sau uku na ƙarshe da ka faɗi: wane lokaci ne, kana ina, kai da wa, me ya faru kafin nan? Kusan kullum za ka ga hanya ɗaya ce zunubin ke bi, gajiya ko kaɗaici ko fushi, sai wani wuri ko wani mutum ko waya a hannu cikin dare. Romawa 13:14 ta ce kada a yi wa halin mutuntaka tanadi. Yanke tanadin. Goge lambar, sauya hanyar, fitar da wayar daga ɗakin kwana. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sannan ka gaya wa mutum ɗaya. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Ka zaɓi namiji dattijo cikin bangaskiya, mai riƙe sirri, wanda ba zai firgita ba kuma ba zai shafa maka mai a baki ba. Zunubin da ya shekara yana cin mutum a ɓoye, sau da yawa ƙarfinsa yakan ragu ran da wani ya ji shi.

Wannan ya kawo mu ga ikkilisiya. A tambayarka duk "ni" nake ji, ban ji ka ambaci kowa ba. Ibraniyawa 3:13 ta ce mu riƙa gargaɗin juna kowace rana don kada yaudarar zunubi ta taurare wani. Mai yaudaruwa ba ya sanin an yaudare shi, sai na gefe ya gani. Mai wa'azi John Wesley ya gane cewa wa'azi ga dubban mutane ba ya isa, shi ya sa daga shekarar 1742 a Ingila aka rarraba mabiyansa ƙungiya ƙungiya, mutum wajen 12, suna haɗuwa kowane mako ana tambayar kowa lafiyar ransa. Zuwa sujada ran Lahadi ka zauna a bencin baya ka fice kafin a gama albarka bai kai wannan ba. Shiga ƙaramin rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki, ka karɓi wani aiki ko da share ɗakin sujada ne ko ziyarar marar lafiya, yadda in ba ka zo ba za a san ba ka zo ba.

A can ne ma za ka ga girman da kake nema. Karanta 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5:22-23: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Yawancinsu ba a ganinsu a ɗaki a kulle, sai an haɗa ka da mutum mai ban haushi. Ka kwatanta kanka da na bara, ba da na jiya ba. Ka fi saurin cewa "na yi laifi"? Bakinka ya rage cin naman mutane? Kana biyan bashi a kan lokaci, kana cika aikin da aka biya ka ko mai gida ba ya nan? Luka 16:10 ta ce mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba, kuma maganar kuɗi ake yi a wurin. In kana da ƙarfin hali, tambayi wanda kuke kwana gida ɗaya, shi ya fi ka sani. Kada ka yi mamaki in ka ga kana ƙara ganin laifofinka fiye da dā. Shekara huɗu da suka wuce akwai abubuwan da kake yi ko a jikinka, yau suna hana ka barci. Munafuki ba ya rubuta irin wasiƙar da ka rubuta, shi damuwarsa kada a gane shi ne.

Ƙarƙashin duk wannan akwai abin da ya fi ƙoƙarinka. Ayar nan da muke rerawa, cewa jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne, tana Makoki 3:22-23, a tsakiyar littafin da aka rubuta a kan kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta, kuma littafin kansa ya ce zunubin mutanen ne ya jawo. Mutanen da suka ci amana ne ke wannan waƙa. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa abu biyun a numfashi ɗaya: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku, shi ke sa ku yi niyya ku kuma aikata. Niyyar da ka sha ɗaurawa tana warwarewa, ka sake ɗaurawa, ba daga gare ka kaɗai take fitowa ba.

Saura maganar Jibin Ubangiji. Na san ayar da ke tsorata ka, 1 Korantiyawa 11:27-29, a kan ci da sha da rashin cancanta. Karanta daga aya ta 17. Abin da ke faruwa a Koranti shi ne masu hali suna riga cin nasu har wani ya bugu, matalauta kuwa na zaune da yunwa ana kunyata su. Wannan rainin ne Bulus ke tsawatawa. Kuma ko a nan bai ce mutum ya gwada kansa ya ƙaurace ba, cewa ya yi ya gwada kansa sannan ya ci ya sha. Wanda ya kamata ya dakata shi ne wanda ya rungumi zunubinsa ba ya niyyar saki, ko wanda ya ƙi sulhu da ɗan'uwansa, ko wanda ikkilisiya ta sa a ƙarƙashin horo. Ikkilisiyoyi sun bambanta a tsarinsu: a Katolika sai ka je wurin fada ka yi ikirari in zunubin babba ne, a wasu kuma fasto ko dattawa ake gani. Ka bi tsarin taku. Cikin makon nan ka nemi fastonka, ka gaya masa abin da ka gaya mini har da sunan zunubin, ka tambaye shi abin da ya rage maka kafin Jibi na gaba.